Kafin a yanke sauran filayen gari, a ware wa ƙungiyoyin ƴan haya rabonsu

Duk wanda ke zaune a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba sai an ba shi labarin halin da ƴan haya suke ciki ba. Kafin mutum ya samu ɗaki da falo sai ya bi dillali kwana da kwanaki, ya biya shi kuɗin takalmi, ya biya shi la'ada, sannan mai gida ya ce sai an ajiye masa kuɗin wata uku ko shida kafin ya miƙa makulli. Mutum ya shiga, ya toshe inda rufi ke yoyo, ya gyara bayan gida da kuɗin aljihunsa, shekara na zagayowa a ce masa an ƙara kuɗi, ko kuwa a ce ɗan mai gida zai yi aure, ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. A gidan rediyo, duk ranar da muka buɗe layin waya a kan wannan magana, lokacin shirin ke ƙarewa, masu kira kuwa suna nan a layi.

Mu yi ɗan lissafi. A ce magidanci yana biyan jika 25 kowane wata, kuma a ce ba a taɓa ƙara masa ko dala ba, abin da ba ya faruwa. A shekara 20 ya zuba miliyon 6 na sefa a aljihun wani, kuma ranar da ya fita ko ƙusa ɗaya ta gidan ba tasa ba ce. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi, wanda aka ɗaga daga 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, idan aka cire masa wannan jika 25 me ya rage na hatsi, na magani da na lekol ɗin yara? Balle kuma mafi yawan mutanen birni ba su da albashi sam, abin da suka samo da rana shi ake ci da dare.

Ɗaya hanyar da muka sani ita ce mutum ya sayi fili ya gina nasa, kuma wannan shi ne burin kowane magidanci. To amma a fita bayan gari a gani. Katangu ne rabi da rabi, an ɗora bulo layi biyar an tsaya, ciyawa ta fito a cikin ɗakunan da ba a rufe ba. Mai filin yana can cikin gari yana biyan haya, yana kuma sayen siminti buhu biyu yau, buhu uku bayan wata huɗu. Da yawa sai sun yi ritaya suke shiga, wasu kuma magada ne ke shiga. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyon 17 da ɗoriya a Nijar, Yamai kaɗai ta haura miliyon ɗaya, kuma tun daga lokacin kowa na ganin yadda garuruwa suke faɗaɗa. Mutane na ƙaruwa, fili kuwa ba ya haihuwa.

Abin da nake so in jawo hankalinmu a kai shi ne akwai hanya ta uku, wadda ba haya ba ce, ba kuma mallakar mutum ɗaya ba ce. Iyalai ne suke haɗuwa su kafa ƙungiyar gama kai, wato koparatif, ƙungiyar ta mallaki fili da gidajen da ke kansa, kowane iyali kuma ya samu sashensa da zai zauna har iyakar rayuwarsa, ƴaƴansa su ci gaba da zama bayansa. Babu mai gida da zai ƙara kuɗi don ya ga unguwa ta yi kwalta, domin mazauna su ne mai gidan. Abin da ake biya kowane wata na biyan bashin gini ne da gyare-gyare, babu ribar kowa a ciki. Ra'ayina shi ne wannan hanya za ta iya aiki a garuruwanmu, amma da sharaɗi guda mai ɗaci wanda zan zo kansa, kuma idan aka kauce masa gara a bar maganar tun yanzu.

Ƙasar da ta fi ba ni sha'awa a wannan fanni ita ce Urugwai, wata ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka mai mutane wajen miliyon 3 da rabi, wadda mu a nan ƙwallon ƙafa kawai muka san ta da shi. A 1966, lokacin da tattalin arzikinsu ya shiga wani hali, wasu ƙananan ma'aikata a garuruwa uku na cikin ƙasar, iyalai 95 gaba ɗaya, suka gwada gina gidajensu da hannunsu cikin ƙungiya. Gwajin ya yi kyau, har majalisar dokokin ƙasar ta sa tsarin a cikin babbar dokar gidaje ta watan Disamba na 1968. A 1970 ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa tarayyarsu mai suna FUCVAM, wadda a yau take da ƙungiyoyi sama da 500 da iyalai fiye da 20,000.

Ga yadda abin yake tafiya. Gwamnati tana ba ƙungiya rancen kashi 85 cikin ɗari na kuɗin aikin, a biya a hankali cikin shekara 25. Sauran kashi 15 ba a neman sa da tsabar kuɗi, da ƙarfin jiki ake biya: kowane iyali yana ba da awa 21 na aiki a mako a wurin ginin. Miji ya yi, mata ta yi, babban ɗa ya yi, duk ana rubutawa a littafi. Su haƙa tushe, su kwaɓa siminti, su ɗaure ƙarfe, su yi gadin dare bi da bi don kada a kwashe kaya. Aikin da ke bukatar gwani, ƙungiya ce ke ɗauko magina ta biya su. Dokar ta kuma tilasta wa kowace ƙungiya ta ɗauki wata tawagar masana da ba riba take nema ba, mai zanen gini, lauya, mai lissafin kuɗi da jami'in zamantakewa, su ba ta shawara, amma yanke hukunci yana hannun taron membobi. Babu ɗan kwangila a tsakiya, don haka ribar da zai ci ta zauna a cikin ginin.

Akwai wata dabara tasu da ta burge ni ƙwarai. Ba wanda ya san wane gida ne zai zama nasa sai an gama ginin baki ɗaya, sannan a jefa ƙuri'a. Saboda haka wanda ya yi ha'inci wajen kwaɓa siminti, mai yiwuwa ɗakin da ƴaƴansa za su kwana ne ya yi wa. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya san halin ɗan Adam.

Wani zai ce ai wannan gayya ce, kakanninmu sun san ta. Gaskiya ne, da gayya aka yi yaɓen gidaje da rumbuna da masallatai a ƙauyukanmu, kuma har gobe ana yi. Amma gayya tana ƙarewa ranar da aka gama aiki aka ci tuwo, kowa ya kama gabansa, gidan kuma na mutum ɗaya ne, gobe yana iya sayarwa. A nan ne mutanen Urugwai suka sha bamban da mu, kuma a nan sharaɗin da na ambata yake. A tsarinsu takardar fili da ta gidaje da sunan ƙungiya take. Memba yana da haƙƙin zama wanda ba mai ƙwace masa muddin yana cika alƙawari, kuma magadansa suna gadon wannan haƙƙi. Amma ba shi da ikon kai gidan kasuwa. Idan zai tashi, ƙungiya ce ke mayar masa da abin da ya zuba, har da ƙimar aikin da ya yi da hannunsa, bayan an cire wani ɗan kaso, sannan ita ce ke zaɓen iyalin da za su maye gurbinsa. Tashin da farashin unguwa ya yi a tsakani ba ya shiga aljihun kowa, yana zama sauƙi ga wanda zai shigo.

Na san wannan magana ba za ta yi wa kunnen Bahaushe daɗi ba. Mu a wurinmu gida dukiya ce, shi ne abin da ake jinginarwa idan ta ɓaci, shi ne abin da ake sayarwa a yi jari ko a biya bashi. Gidan da ba ka iya sayarwa, wani zai ce, ina amfaninsa? Amsata ita ce a tambayi wanda ya shekara 20 yana haya ko nawa ya sayar da nasa. Wannan tsari ba don Alhajin da ke da filaye goma aka yi shi ba, shi ya ci gaba da harkarsa. An yi shi ne don wanda abin da yake nema wurin kwana ne da ba za a tashe shi ba.

Mutanen Urugwai sun san darajar wannan sharaɗi, domin sun yi faɗa a kansa. Sojojin da suka mulki ƙasar daga 1973 zuwa 1985 ba su son waɗannan unguwanni inda jama'a ke taro suna jefa ƙuri'a. A 1983 suka fito da dokar da za ta raba gidajen, kowa a ba shi takardar mallakarsa shi kaɗai. A ido kamar kyauta ce. Mazaunan suka ƙi, kuma a watan Fabrairu na 1984 suka bi gida gida suka tara sa hannun mutane sama da 300,000 na neman a soke dokar, a ƙarƙashin mulkin soja. Talakawa ne aka ce ga takardar gida, suka ce ba su so, don sun gane cewa ranar da kowa ya riƙe tasa, bashi da talauci za su bi su ɗaya bayan ɗaya su raba su da gidajen.

Inda aka saki wannan sharaɗi kuwa, an ga abin da ya biyo baya. A ƙasar Suwidin akwai gidajen koparatif masu ɗimbin yawa, amma a ƙarshen shekarun 1960 aka cire ƙa'idar farashi, aka bar kowa ya sayar da haƙƙin zamansa yadda kasuwa ta kama. Yau a babban birninsu irin waɗannan gidaje tsadarsu ɗaya da kowane gida, sunan koparatif ne kawai ya rage. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Waɗanda suka yi wayo a farkon mulkin marigayi Tandja Mamadu suna tune da lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Niyyar ba ta da laifi. To amma ma'aikacin da ya yi watanni ba albashi, mai kanti na bin sa, mai gida na bin sa, da me zai yi gini? Da yawa sun sayar da takardun da araha ga masu kuɗi a hannu, suka koma gidan haya, filayen kuma suka shiga kasuwa suna ta tashi. Duk filin da hukuma ta ba mutum ɗaya da sauƙi, sau ɗaya yake yin sauƙi.

Shi ya sa nake ganin maganar gaba ɗaya a kan fili take, fili kuma a hannun hukumomin birane yake. A Montebidiyo, babban birnin Urugwai, tun 1990 ma'aikatar magajin gari ta buɗe wani rumbun filaye da take ware wa ƙungiyoyin gidaje. A Zurik ta ƙasar Suwis, ɗaya daga cikin birane mafi tsada a duniya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen zama suna hannun koparatif da makamantansu waɗanda ba riba suke nema ba, kuma a 2011 mutanen garin suka jefa ƙuri'a cewa a kai shi kashi ɗaya cikin uku kafin 2050. Hukumar birnin takan ba su aron fili na shekaru masu yawa maimakon ta sayar, su kuma ba su karɓar haya fiye da abin da gini da gyara suka ci. Idan masu kuɗin Suwis sun ga ba za su bar wa kasuwa gidajensu duka ba, mu da me muka dogara?

A wurinmu kuwa yankan filaye ya daɗe da zama hanyar da ma'aikatun magajin gari suke samun kuɗin shiga, har aka wayi gari masu zaman kansu ma sun shigo harkar. Gonakin bakin gari sun tafi. A Yamai, dajin dogon yaro da aka fara shukawa tun 1965 don ya kare garin daga iska da ƙura, kowa ya ga yadda gine-gine suka cinye shi. An yanka, an sayar, an sake sayarwa, amma ɗan haya yana nan inda yake. Muna da kamfanin SONUCI tun farkon samun ƴancin kai, muna da bankin gidaje da aka buɗe a 2018, sai dai duk wanda zai ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi sai ya zo da takardar albashi ko jingina. Tela da mahauci da ɗan kaɓu-kaɓu da mai tuyar ƙosai ba su da ko ɗaya. Abin da suke da shi shi ne junansu, da ƙarfin jikinsu, da ɗan abin da suke iya ajiyewa kowane mako. Kiran da ake yawan yi na gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya yana da amfaninsa, ban raina shi ba, amma ba ya ƙara ɗaki ko ɗaya a gari.

Yanzu bari in taɓo ɗaya ɓangaren, wato zaman tare. A 1972 wasu iyalai 27 a ƙasar Danmak, arewa da birnin Kopanhagen, suka gina wata unguwa da suka kira Saettedammen. Kowane iyali da ɗan gidansa, amma akwai babban ɗaki na kowa da kowa inda ake dafa abinci a ci tare wasu ranaku, da filin wasan yara, da kayan aiki na tarayya. Daga nan abin ya bazu zuwa Holan da Amurka da Ingila, ana ta rubuta littattafai a kai kamar sabon abu. Lokacin da na fara jin labarin dariya ta kama ni, domin abin da suka kwatanta gidan kakana ne: zaure ɗaya, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, kowane magidanci da sashensa, yara kuma na kowa ne. Turawa sun kashe kuɗi sun gano gidan gandu, mu kuma muna ta gudunsa, kowa na son katangarsa da ƙofar ƙarfensa.

Amma kada dariya ta hana mu ganin bambancin. Gidan gandu jini ne ya haɗa shi, kuma akwai mai gida wanda in ya yi magana ta zauna. Ranar da ya rasu aka raba gado, sau da yawa gidan ya watse ke nan. Gidan haya mai ɗakuna goma da muke da shi a birni shi ma zaman tare ne, amma na dole: ba ka zaɓi maƙwabcinka ba, bayan gida ɗaya ne ga mutum talatin, faɗan kuɗin wuta da na famfo ba ya ƙarewa, kuma ba wanda zai gyara komi tunda gidan ba na kowa ba ne a cikinsu. Abin da mutanen Danmak suka ƙara shi ne mazauna su suka zaɓi juna, su suka zauna da mai zane suka faɗi yadda suke so, kuma suka rubuta dokokin zamansu kafin a aza tubali. Mu ba sai mun kwaikwayi cin abinci tare ba, wannan al'adarsu ce, kuma duk wanda ya san sha'anin tukunya a gidan mata biyu ba zai kawo shawarar tukunya ɗaya ga gida talatin ba. Kowane iyali ya samu sashensa da ƴar tsakar gidansa da makewayinsa, yadda matan aure za su sake ba idon baƙo. Abin da za a haɗa shi ne abin da ke cin kuɗi: katangar waje, jan ruwa da wuta, tankin ruwa, magudanar ruwan sama, rumfar taron suna da biki, wurin karatun yara, da inuwar itatuwa. Iyalai 30 da kowa ya gina shi kaɗai, katanga 30 ce da jan famfo 30. Idan suka haɗu, kuɗin da za a zuba a katangu kawai ya isa ya rufe ɗakuna da dama.

Maganar magudanar ruwa ba ƙarama ba ce. Damanar 2024 ta kashe mutane kusan 400 a ƙasar nan, ta shafi sama da miliyon ɗaya da rabi, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, a Damagaram kuma har tsohon masallacin Birni ya faɗi. Gidajen da suka rushe mafi yawansu na talakawa ne da aka gina a kan hanyar ruwa, ba tushe mai ƙarfi, ba wanda ya duba. Mutum ɗaya ba ya iya biyan injiniya ya auna masa gangaren ƙasa, iyalai 30 suna iyawa. Kuma ba dole sai siminti tun daga ƙasa har sama ba. Ginin ƙasa ba shi ne matsala ba idan an yi shi da sani: masallacin Yama da ke jahar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986, kuma a 2016 wasu masu zanen gini da suka haɗa da ƴar ƙasarmu Mariam Kamara sun gina gidaje shida masu bene da tubalin ƙasa matsattse a unguwar Niamey 2000, a filin da a al'ada gida ɗaya ko biyu za a yi. Injin matsa tubali ya fi ƙarfin magidanci ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiya ba.

Na san abin da ke cikin zuciyar mai karatu tun ɗazu: wa zai riƙe kuɗin? Wannan tsoro yana da tushe. Kalmar koparatif ta sha wuya a ƙasar nan. Tun daga UNCC da aka kafa a 1962 zamanin cinikin gyaɗa, zuwa UNC da ta gaje ta a tsakiyar shekarun 1980, ƙungiyoyin daga sama aka saukar da su, jami'an gwamnati ke juya su, manomi kuma yana kallon su a matsayin kayan hukuma. Kowa kuma ya san labarin wani ma'ajin ƙungiya a unguwarsu da ya wayi gari da sabon babur. Idan gwamnati ce za ta kafa koparatif ɗin gidaje, ta naɗa shugabanni, ta rubuta sunayen waɗanda za su shiga, to ƴan uwan manya ne za su cika takardar, kuma bayan shekara biyar za mu ga gidajen a hannun dillalai.

To amma a wannan ƙasa dai aka haifi Mata Masu Dubara. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara wannan tsari da matan karkara a jahar Maraɗi, bisa adashen da suka riga suka sani, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata ne da yawancinsu ba su yi boko ba, suna zubi kowane mako, ana ƙirga kuɗin da babbar murya a gaban kowa, akwati ba ya buɗuwa sai an taru. Amana a wurinsu tsari ne ya kawo ta. Ƙungiyar gidaje ma haka za ta yi: mutanen da suka riga suka san juna a sana'a ko a unguwa, kuɗi a banki da sa hannun mutum uku, karanta lissafi a gaban taro kowane wata, shugabanci na wa'adi. Ni da za a bi tawa, mata ne za su riƙe asusun. Dokar da za a tsaya a kanta ma tana nan: dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama kai da aka amince da ita a Lome a watan Disamba na 2010, wadda Nijar ke ciki, ta ba mutum 5 damar kafa ƙaramar koparatif, mutum 15 kuma su kafa babba mai majalisar gudanarwa. A Senegal ma'aikata sun daɗe suna gina gidaje ta wannan hanya, har wata unguwa a Dakar, Castors, ta samo sunanta daga masu ginin gayya na shekarun 1950, kuma bankin gidajensu da aka kafa a 1979 ya saba hulɗa da ƙungiyoyi.

Mu sake ɗan lissafi. Iyalai 30, kowa ya zuba jika 10 a wata, jika 300 ke nan, miliyon 3 da jika 600 a shekara. Da farashin da gwamnati ta sa wa siminti a Yamai bayan ambaliyar 2024, wato jika 55 tan ɗaya, kuɗin shekara guda ya sayi tan 65. Wannan ba zai gina gida 30 ba, kuma ba zan yaudari kowa ba: ba tare da rance mai dogon wa'adi ba abin zai ja shekaru, kuma shekarun farko za su yi nauyi tunda ana zubi ana kuma biyan haya. Amma ƙungiyar da ta shekara biyu tana zubi ba fashi, tana da fili da takarda, tana da hannaye sittin na aiki, ta fi kowane ɗayansu shi kaɗai ƙarfin zama gaban banki.

Sauran tambayoyi biyu malamanmu ne za su taimaka a kansu, kuma gara a yi su tun farko. Ta farko gado: idan memba ya rasu, abin da ya zuba dukiya ce da za a raba wa magada yadda shari'a ta tsara, don haka dole dokar ƙungiya ta faɗi yadda matarsa da marayu za su ci gaba da zama alhali ana biyan sauran magada rabonsu a hankali. Ta biyu kuɗin ruwa, wanda mutane da yawa ba za su taɓa shi ba. Akwai bankin Musulunci a ƙasar nan, akwai hanyar da banki zai sayi kayan gini ya sayar wa ƙungiya da riba sananniya a biya kashi kashi. Shi kuwa filin da ba a sayarwa ba a rabawa, ba baƙon abu ba ne gare mu, sunansa wakafi, kuma tun 2019 Nijar ta yi masa doka. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana, ga wata ƙofa bayan gina masallaci na huɗu a layi ɗaya.

Kirana ga waɗanda ke riƙe da ma'aikatun magajin gari a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa shi ne, a duk sabon yankan filaye, kamar yadda ake ware wurin lekol da likita da kasuwa, a ware wani yanki na ƙungiyoyin gidaje, a wurin da ruwa ba ya kwanciya kuma ba nesa da inda mutane ke neman abinci ba. Kada a sayar masu, a ba su aro na shekaru masu yawa, a rubuta a takardar cewa ba a raba shi, ba a sayar da shi, wanda yake da gida a garin ba ya shiga, kuma idan shekara biyar ta wuce ba a fara gini ba fili ya koma hannun hukuma. A liƙa sunayen membobi a ƙofar ma'aikata kowa ya karanta. Ƙungiyoyin ƙwadago na malaman makaranta da na ma'aikatan kiwon lafiya, da na direbobi, teloli da mahauta, su kuma kada su jira a kira su. Su fara da iyalai 20 ko 30 daga cikin membobinsu da ke haya, su yi rajista, su buɗe asusu, su yi shekara guda suna zubi, sannan su ɗauki littafin asusun su je su nemi fili da shi.